Fatar da Na Shimfiɗa a Bayan Narcisse

Litinin, 15 ga Afrilu, hantsi

Allah ya ƙara wa mutanen Garwa basira. Ban taɓa ganin masu ido irinsu ba. Shekara da shekaru ina zaune a ɗan shagon nan na bayan babbar kasuwa ina gyara musu hotuna, ba wanda ya taɓa kushe aikina sai wanda na bari da fuskar da Allah ya ba shi. Mace ta shigo baƙa kamar ni, ta fita da hoto fara sol, tana cewa, "Tahir, kai kaɗai ka san kamannina." Ɗan kilando, ɗan acaɓa ke nan, ya zo da ƙurar hanyar Pituwa har cikin gira, ya ce in ajiye shi a Dubai, jingine da motar da ko tayarta bai taɓa shafawa ba. Masana ke nan. Su duba hanci, su duba haƙora, su tafi. Abin da na zuba gumi a kai, bangon baya da haske da inuwa, ba mai kallo. Ko jaki na tsayar a bayansu da tabarau ba za su gani ba.

Alhali a nan sana'ar take. Hoto a wurina shimfiɗa ce a kan shimfiɗa, kamar gadon amarya. Mutum a sama, bango a can ƙasa, a tsakani hayaƙi, ko tsatsa, ko tsagar ƙasa. Kowace shimfiɗa tana da ɗan idonta a gefen allon kwamfuta. Ka danna idon ta ɓace, ka sake dannawa ta dawo. Yaran yanzu filta ɗaya suke shafawa a waya su ce su ma artis ne. Ni kuwa da ƙafata nake yawon farauta: tsatsar tsohon kwalekwale a bakin Binuwai, laka da ta bushe ta dare, buhun auduga. In ɗauko, in ɗora, in rage ƙarfi har ya zama ana jin abin ba a ganinsa.

Bana fata ce ta karɓe ni. Wata jar fatar saniya mai ɗigon fari, gashinta a kwance luf. Duk hotunan sallar nan ita na shimfiɗa a baya.

Mafi kyau na Narcisse ne, mutumin Kayele da ya buɗe wurin gashin nama a unguwar Rumde Ajiya. Ya ce, "Artis, so nake mutum ya ji ƙanshi tun daga titi." Na yi masa bandarol, ƙyallen talla mai tsawon bango: shi da wuƙa a hannu yana dariya, fatar a bayansa. A nasa ban rage ƙarfinta ba ko kaɗan. Kowane gashi sai ka ƙirga.

Laraba, 17, bayan azahar

To, yau Allah ya kawo wanda ya kalli bangon baya.

Dogo ne, Balaraben Shuwa, rawani har hanci, sunansa Mahamat. Narcisse ne ya turo shi, yana ta dariya a waya: "Artis, ga wani ya zo yana gaisawa da bandarol ɗinka, ya ƙi cin nama. Yi masa bayani, ni na gaji."

Bai zauna ba. Ya miƙo mini waya da hoton kusurwar bandarol. Can ƙasa, kusa da gwiwar hannun Narcisse, akwai layi uku da ƙugiya a kan fatar. Ni duk zatona tabo ne, har na ƙara masa duhu don ya yi kyau.

"Wutar gidanmu ce," in ji shi. "Da hannuna na ɗora mata ƙarfen tana maraƙa."

Ya ce kafin azumi aka kore garkensu a dajin bayan Adumri. Ƙanensa Abakar ke kiwo ranar. Sun same shi ɗaure a jikin bishiya da igiyar shanunsa, an yanka shi. Ya faɗi wannan da muryar da ake tambayar farashin gishiri.

"Ina ka samu fatar, mai hoto?"

Na ce, "Daga intanet na sauko da ita."

"Intanet a wace unguwa yake?"

Na yi dariya. Shi bai yi ba. Na yi masa bayanin shimfiɗa, na ce fata daban, mutum daban, ni na haɗa su, montaj ne. Ya saurara har na gama.

"Mai nama, da wuƙa, da fatar saniyata a bayansa," ya ce. "Kai kuma ka ce ba su san juna ba."

Ya fita bai yi sallama ba.

Alhamis, 18, da safe

Na buɗe asalin hoton, tun kafin in yanke shi. Fata a shanye a kan igiya. A bayanta shuɗiyar ƙofar ƙarfe mai facin jan gwangwani a ƙasa. Na rufe.

Matata Sadiƙa ta ce Yaya Abdu ya aiko mana da hanta, in kira in yi godiya. Wanta ne, Abdulbaƙi, dillalin fata. Shi ya saya mini kwamfutar nan lokacin da muka yi aure, kuma bai taɓa bari na manta ba.

Ban kira ba. Zafi ya yi yawa.

Asabar, 20, la'asar

Sun ƙone wurin Narcisse.

Da rana tsaka, mutane suna cin nama. Mashina suka tsaya, maza suka sauko da sanduna masu kan ƙarfe. Ban gani ba, ina shago. Mai sayar da katin waya na kusa da wurin ya zo ya ba ni labari. Sun fara da bandarol, sun yanke kusurwar da ke da lambar wutar sun naɗe, sannan suka juyo kan Narcisse. Ya ɗaga benci ya kare, suka karya bencin, suka karya hannun. Wani ya kife masa tiren garwashi a ƙirji. Yana ta ihu, "Montaj ne! Ku tambayi artis!" Da jandarmomi ba su zo ba da an gama.

Ni hoto kawai nake gyarawa.

Lahadi, 21

Ban buɗe shago ba.

Litinin, 22, hantsi

Masana sun waye. Tun da safe layi a ƙofata, kowa da hoton sallarsa a hannu, a kife. Yau kowa ya ga bangon baya. Hajiyar da na rage wa shekara ashirin ta jefo mini firam a kan tebur, gilashin ya tarwatse.

"Ɗan banza, ka sa mini saniyar sata a falo! So kake a yanka mini maigida?"

Na ce, "Hajiya, ranar kin ce kin fi kowa kyau."

"Ranar ban san kai annoba ba ne. Goge ni! Goge ni daga cikin akwatin nan!"

Wani tela ya ce ya ƙone nasa a murhu, har da matarsa da 'ya'yansa a ciki. A bakin kwata na ga fuskokin mutane a yayyage, duk fari tas, duk aikina. Ban taɓa sanin na yi suna haka ba.

Ba wanda ya tambaye ni inda na samo fatar. Tsoron amsar suke yi.

Laraba, 24, bayan la'asar

Na je asibiti. Da ban je ba.

A ƙofar waje, ƙarƙashin dalbejiya, maza sun shimfiɗa tabarma suna dafa shayi. Mahamat na tsakiyarsu. Ba sa hayaniya, ba sa tare kowa. Jira kawai suke. Ya ɗaga mini kofi, na yi kamar ban gani ba.

Narcisse yana kwance, ƙirji a naɗe, ido ɗaya a rufe da auduga. Likita ya ce wancan idon ya tafi. Ɗakin yana warin abin da ya saba sayarwa. Madam ɗinsa tana masa fifita da kwali, ba ta amsa gaisuwata ba.

"Artis," ya ce, "ka ga talla ta yi aiki. Garwa duka ta san ni."

Na ce ya yi haƙuri, komai zai wuce.

"Zai wuce, mon frère. Jandarman da ke gadina ya ce ba su da abin riƙe ni, ba su da abin riƙe su. Ranar da aka sallame ni, shi zai koma birged, barikinsu, ni kuma in fita ta ƙofar can. Ka gan su ai." Ya yi tari, ya jima. "Kai ka san inda ka ɗauki hoton nan. Ba na tambayarka. Su za ka gaya wa."

Na ce intanet.

Ya kalle ni da idon da ya rage. "To. In sun gama da ni, ka yi mini hoton makoki mai kyau. Ka ɗan haska ni kaɗan. Amma don Allah bango fari, kada ka sa komai."

Ya yi dariya har audugar ta jiƙe.

Alhamis, 25, azahar

An ɗauke wuta. Zafi. Ni hoto kawai nake gyarawa.

Juma'a, 26, bayan masallaci

Da hagu ba na rubutu, alhamdu lillahi.

Yaya Abdu ya zo. Farar shadda, turare, carbi. Ya jawo ƙofar shago ya rufe da kansa, ya zauna a kujerar da nake ɗora amare.

"Baban Huda, an ce kana yawo da kyamara a gidajen mutane."

Na ce, "Yaya, ranar da na kawo Sadiƙa gaisuwa gidanka ne. Na ga fata ta yi kyau, shi ke nan."

"Ta yi kyau." Ya gyaɗa kai. "Ni saya na yi, ka ji ko? Fata ake kawo mini, in auna, in karɓa. Ba na tambayar saniya sunan ubanta. Wanda ya kawo wannan kuwa, ba a faɗin sunansa a Garwa a kwana. Ni ma ina da 'ya'ya."

Na ce zan goge hoton yanzu a gabansa.

"Gogewa ba ta tashi mutanen can daga ƙarƙashin bishiya. Jauro mai unguwa zai kira zama, zai ce ka kawo asali. To za ka kai asali. Fatar nan a shanye, a bayan gidan arnen nan mai nama. Ba kai ne kake kai 'yan kilando Dubai ba?"

Na ce, "Yaya, za su kashe shi."

"Ai sun riga sun fara."

Na ce ba zan iya ba. Ban ma faɗa da ƙarfi ba. Ya kama hannuna na hagu kamar zai duba agogo, ya sa yatsuna a bakin aljihun tebur, ya tura da gwiwa. Na ji ƙarar kafin in ji zafin. Ya sake turawa.

"Na bar maka na dama," ya ce, "saboda aiki. Ka gaida ƙanwata."

Na gaya wa Sadiƙa ƙofar shago ce ta datse ni. Ta ɗaure mini da tsinken kara, ta ce in riƙa kula.

Lahadi, 28, hantsi

Abin kunya, aikin yana da daɗi.

Ina da hotunan bayan gidan Narcisse tun ranar da na ɗauke shi don bandarol: katangar bulo, jarkoki, igiyar shanya da wandonsa a kai. Na ajiye asalin hoton a can ƙasa, na shimfiɗa gidan Narcisse a kansa ya rufe shi ruf, na yanko fatar gashi bayan gashi na rataye a igiyar. Hasken gidan Yaya na yamma ne, na gidan Narcisse na safe, sai da na juya inuwa. Na lanƙwasa igiyar don a ga nauyi. Na sa ƙudaje. Na zuba ɗan ɗigon ruwa a ƙasa inda fatar take tsiyaya. A ƙarshe na shafa filta mai ɗan dishi-dishi, irin na tsohuwar waya, don kada ya yi kyau da yawa. Ƙarya in ta yi kyau da yawa ana gane ta.

Na ja baya na duba. Wallahi ni kaina na fara jin haushin Narcisse.

Tun da na fara sana'a ban yi aiki kamar wannan ba. Kuma ba wanda zan nuna wa ya yaba.

Litinin, 29, la'asar

Yaya ya zo ya gani. Ya ce, "Ashe kwamfutar ba ta tafi a banza ba."

An ce jibi za a sallami Narcisse. Zaman Jauro gobe.

Mai gyaran hoto na ƙwarai, in ya gama, yana manne shimfiɗun su zama ɗaya kafin ya nuna wa kowa. Daga nan ba ido, ba dannawa, abin da aka gani shi ke nan. Ni ma haka nake yi kullum. Aikin ƙiftawar ido ne.

Talata, 30, da safe

Sadiƙa ta goge mini riga. Ta ce, "Ka faɗi gaskiya kawai, Baban Huda, Allah yana tare da mai gaskiya." Ba ta san komai ba. Ko kuwa ta sani. Tun ranar Juma'a ba ta sake ambaton sunan wanta ba.

Talata, bayan la'asar

Zan rubuta yadda aka yi, daidai, saboda za a faɗa iri-iri.

Zauren Jauro ya cika har waje. Mahamat da mutanensa a dama, sanduna a jingine a bango. Madam Narcisse a hagu ita kaɗai. Jandarma ɗaya a bakin ƙofa yana danna waya. Yaya Abdu a cikin dattawan unguwa, wai ya zo a matsayin wanda ya san fata.

Jauro ya ce, "Mai hoto, an ce intanet."

Na ce, "Barkama, ranka ya daɗe, tsoro ne ya sa na faɗi haka. Ga asalin."

Na ɗora kwamfuta a kan turmi da aka kife, na juya musu. Sai Madam Narcisse ta yi wata ƙara, ba kuka ba, irin ta akuya in an taka mata wuya. Ta gane wandon mijinta. Tana cewa, "Ƙarya ne, ƙarya ne, ni nake shanya a igiyar nan!" Mutanen Mahamat sun fara miƙewa. Wani ya riga ya ɗauki sanda.

Mahamat bai tashi ba. Ya matso da gwiwa, ya ce in ƙara girman lambar wutar. Na kai hannu. Hannun hagu ne ya fi kusa, mai karan nan, kuma kowa ya san yatsun da suka karye ba sa jin magana.

Hannuna ya zame.

Ya taɓa ɗan idon. Katangar bulo ta ɓace, jarkoki suka ɓace, wando ya ɓace. Fatar tana nan inda take. A bayanta shuɗiyar ƙofa mai facin jan gwangwani.

Ba sai na yi bayani ba. Duk wanda ya taɓa bin hanyar mahauta ya san ƙofar nan. Kawunan dattawa suka juya gefe guda, a hankali, kamar an ja su da zare.

Yaya ya ce, "Montaj ne."

Wani ya yi dariya. Kalmar ta riga ta tsufa a garin nan.

Mahamat ya riƙe mini wuyan hannu. "Sake dannawa, mai hoto. Wa ke ƙarƙashin wannan?"

Na danna. Ƙofar ta ɓace. Ba abin da ya rage sai fatar tana reto a kan fili, ƙananan murabba'ai fari da toka, abin da kwamfuta take nunawa in babu komai.

Na ce, "Nan nawa ya ƙare."

Ko da muka ɗago, wurin zaman Yaya ba kowa, takalmansa suna bakin ƙofa. Zauren ya zube waje. Jandarma ya ajiye waya, ya makara.

Laraba, 1 ga Mayu

A yashin bakin kogi suka cim ma Yaya Abdu. An ce sun tambaye shi sunan wanda ya kawo fatar. An ce bai faɗa ba.

Alhamis, 2, azahar

An wanke gawarsa a gidan Hajja, mahaifiyarsu. Ba a bar mata sun gani ba. Na tsaya a sahu na biyu. Ba wanda ya kore ni, ba wanda ya ba ni hannu.

Manne shimfiɗu aikin ƙiftawar ido ne. Mantuwa ce. Mutum da ciwo a hannu yana mantuwa.

Asabar, 4, hantsi

Tabarmar ƙarƙashin dalbejiya ta tashi. An ce jandarmomi sun kama mutum biyu, an ce Mahamat ya koma daji yana neman sauran garken. Shanu ba su dawo ba. Mai sunan da ba a faɗa yana nan wani wuri yana shan shayinsa.

Narcisse ya bi motar Kayele da safe, da ƙafafunsa. Ya sa direba ya tsaya a ƙofar shagona, bai sauko ba.

"Artis! Madam ta ce kai shaiɗan ne. Ta ce har ƙuda ka sa."

Na ce hannuna ne ya zame.

"Wanne? Wanda ya sa ƙudan, ko ɗayan?"

Motar ta tashi.

Litinin, 6

Ba wanda ya shigo. Garwa ta koma son fuskar da Allah ya ba ta.

Laraba, 8 ga Mayu, la'asar

Sadiƙa tana gidan Hajja tun ranar jana'iza, da 'yarmu Huda. Yau ta zo shago. Ba ta zauna ba, ba ta kira ni Baban Huda ba, ba ta kira ni komai ba. Ta ajiye waya a kan tebur, daidai bakin aljihun nan.

"Hajja ta ce a yi masa hoto na sanyawa a waya, mai addu'a a ƙasa, 'yan'uwa na Banyo suna tambaya. Ta ce kai ka iya. Ta ce ai shi ya saya maka injin."

Na ce ba wani hoton?

"Shi ne kaɗai hoton da yake dariya a ciki. Ta ce a gyara, a cire duk abin da bai dace ba."

Na tambaye ta mene ne bai dace ba. Ta dubi yatsuna, ta dubi fuskata, ta fita.

Hoton yana gabana. Yaya Abdu ranar sallah, farar shadda, carbi, yana dariya har da haƙorin makka. Na goge masa ƙurajen aski, na sassauta rana a goshinsa, na sa haske mai laushi ta gefen dama. Fuskar ta gama, ta yi kyau, Hajja za ta ce ni kaɗai na san kamanninsa.

Saura bangon baya. A ƙofar gidansa ya tsaya, shuɗiyar, facin gwangwanin yana leƙowa ta bayan ƙafarsa.

In bar masa ƙofar, ko shi ma in kai shi Dubai?